Igiyar da ba a gani: yadda ake jera abubuwa a fuskar manhajar waya da Guideline da Barrier

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da magini yana ɗora bulo ya san igiyar nan da yake ɗaurawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da ita kowane bulo yake daidaita bakinsa. Gini na tashi sai a kwance ta a naɗe, mai gida ya tare bai ma san an taɓa ɗaura ta ba. Masu haɗa manhajar waya ma suna da irin tasu igiyar. A Android sunanta Guideline, tana kuma da 'yar'uwa mai suna Barrier, dukkansu a cikin ConstraintLayout, wato tsarin da ake jera abubuwan fuska ta hanyar ɗaure su da juna. Mai amfani da waya ba ya ganinsu, amma su suke riƙe da rubutu da hoto da maɓalli kowa a mazauninsa.

Ni da kaina sai da na ji jiki kafin na ba su muhimmanci. Kawuna yana sayo albasa daga Goronyo da Wurno yana yin lodi zuwa Kudu, ya ce in haɗa masa 'yar manhaja ta rubuta wanda ya karɓi kaya da abin da ya biya. Na haɗa, a wayata komai tsaf. Na kai masa rumfa da la'asar, na saka a tasa, ƙaramar itel wadda ya ƙara wa girman rubutu saboda idonsa. Ya ɗaga wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, wanga rubutu ya hau bisa ɗan'uwanai. Ban gane ba, biya na ko bashi na?" Kalmomin "Kuɗin da aka biya" sun shige ƙarƙashin akwatin da ake rubuta adadi. A lissafin bashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana iya raba mutum da abokin cinikinsa na shekaru. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ba ni zuwa gobe." Laifin nawa ne: kowane akwati na ba shi tazarar 96dp (dp ma'aunin tazara ne a allon Android) daga hagu da hannuna, don haka ya yi daidai a wayata. Fuskar nan ta kawu ita za mu sake ginawa a nan.

Kafin ka taɓa kwamfuta

Ɗauki takarda ka zana fuskar. Tamu tana da hoton mai karɓar kaya da sunansa a sama, sai layuka huɗu, kowanne da lakabi a gefe da akwatin rubutu a gabansa: Suna, Buhu nawa, Kuɗin da aka biya, Sauran bashi. A ƙasa akwai maɓallai biyu, Ajiye da Soke. Yanzu ja layi a duk inda abubuwa biyu ko fiye suke farawa ko ƙarewa wuri ɗaya. Ga kowane layi ka tambayi kanka: na san inda zai tsaya tun yanzu, ko sai abin da aka rubuta ya nuna? Wanda ka san wurinsa Guideline ne. Wanda tsawon rubutu zai yanke masa hukunci Barrier ne. Mafi yawan kuskuren da nake gani wurin masu koyo daga nan yake fitowa, a sa Guideline inda Barrier ya kamata.

Ka kuma riƙe lissafin faɗin waya a ka. Android ba ya awo da fiksel kai tsaye, da dp yake yi, kuma dp ɗaya daidai yake da fiksel ɗaya a allon da ke da ɗigo 160 a inci. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa masu fiksel 720 a faɗi suna ba ka 360dp. Ƙananan itel masu fiksel 480 suna ba ka 320dp. Wannan 40dp da ke tsakani kada ka manta da ita.

Mataki na ɗaya: shigo da kayan aiki

Google ta nuna ConstraintLayout a 2016, siga ta 1.0 ta fito a 2017 da Guideline a cikinta, Barrier da Group suka zo a siga ta 1.1 a 2018. Idan sabon aiki ka buɗe a Android Studio, manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita, da tsarin XML, wato rubutun da ake bayyana fuska da shi, yawanci za ka tarar an riga an saka shi. In babu, ƙara wannan a fayil ɗin Gradle, inda ake jera kayan da manhajar ke buƙata, ko siga da ta fi ta sabunta:

```
implementation "androidx.constraintlayout:constraintlayout:2.1.4"
```

Mataki na biyu: ɗaura igiyoyin gefe

A wurin zana fuska akwai alamar Guidelines a jerin kayan da ke sama. Danna ta ka zaɓi na tsaye. Wani layi mai ɗigo-ɗigo zai bayyana da ɗan da'ira a kansa. Duk danna da'irar nan da ka yi tana sauya yadda ake auna layin: daga farko, daga ƙarshe, ko da kaso. Ni na fi son rubutawa da hannu, don in ga abin da na sa da idona:

```
<androidx.constraintlayout.widget.Guideline
    android:id="@+id/layin_farko"
    android:layout_width="wrap_content"
    android:layout_height="wrap_content"
    android:orientation="vertical"
    app:layout_constraintGuide_begin="16dp" />

<androidx.constraintlayout.widget.Guideline
    android:id="@+id/layin_karshe"
    android:layout_width="wrap_content"
    android:layout_height="wrap_content"
    android:orientation="vertical"
    app:layout_constraintGuide_end="16dp" />
```

Tazarar 16dp a kowane gefe ita ce wadda Material, tsarin zanen fuska na Google, ya saba bayarwa a waya. A allon 360dp ta bar maka 328dp na aiki, a na 320dp kuma 288dp. Ka lura na rubuta layin_karshe ba da ƙ mai lanƙwasa ba. A sunayen id kada ka sa haruffanmu masu lanƙwasa, ka ajiye su don rubutun da mutane za su karanta a strings.xml.

Abu biyu ke rikita mai farawa a nan. Layin tsaye hagu da dama yake daidaitawa, don haka start da end kaɗai ake ɗaura masa. Layin kwance kuwa top da bottom. Sannan kowane layi awo ɗaya ake ba shi cikin ukun nan, begin ko end ko percent, kada ka haɗa biyu.

Yanzu duk abin da ke farawa a gefe ka ɗaure shi da layin, ba da bangon allo ba:

```
app:layout_constraintStart_toStartOf="@id/layin_farko"
```

Amfanin ya fito ranar da kawu ya ce rubutun ya matse da bakin waya. Lamba ɗaya na sauya, daga 16 zuwa 20, abubuwa tara suka matsa tare. Da a tsohon tsarina ne sai na bi su ɗaya-ɗaya, kuma da wuya in ƙi manta ɗaya. Ya fi kyau ma ka ajiye lambar a dimens.xml, ka yi wata a babban fayil na values-sw600dp mai tazara mafi faɗi, sai kwamfutar hannu ta ɗauki tata ba tare da ka sake zana komai ba.

Mataki na uku: raba fuska da kaso

Maɓallan Ajiye da Soke muna so su raba faɗin biyu. Sai a ɗaura layi a tsakiya:

```
app:layout_constraintGuide_percent="0.5"
```

Lambar tana tafiya daga 0 zuwa 1, wato 0.5 rabi ne, 0.35 kuma kashi 35 cikin ɗari. Soke ya fara daga layin farko ya ƙare a na tsakiya, Ajiye ya fara daga na tsakiya ya ƙare a na ƙarshe, kowanne da tazarar 4dp daga tsakiyar don kada su manne. Faɗin kowannensu ka sa 0dp. Wannan sifilin ba ya nufin babu faɗi, ma'anarsa maɓallin ya miƙe ya cike tsakanin abubuwan da aka ɗaure shi da su. Kada ka sa match_parent ga abin da ke cikin ConstraintLayout, ba a so. Tsayin maɓallin kuma kada ya gaza 48dp, domin yatsan da ya wuni yana ɗaga buhu ba ya neman ɗan ƙaramin wuri.

Gaskiya dai, maɓallai biyu kacal sarƙar da ake kira chain ma za ta raba su ba tare da layi ba. Layin yana cin sunansa ne idan akwai wasu abubuwan a sama ko a ƙasa da su ma za su tsaya a tsakiyar nan.

Kaso a layin kwance kuwa sai da hattara. Kason na girman ConstraintLayout ɗin ne, ba na allon waya ba. Idan fuskar tana cikin ScrollView, wato abin da ke sa a iya jan fuska sama da ƙasa, tsayinta ya dogara da abin da ke cikinta, sai ka ga layin 0.3 ya faɗa inda ba ka zata ba. Haka nan idan ka saita fuskar ta tsuke lokacin da madannan rubutu suka fito, duk layukan kwance masu kaso za su yi sama tare da ita, hoton da ke tsakaninsu ya matse. A fuskar da ake cike bayanai irin tamu ba na sa kaso a kwance sam. Ina barin abubuwa su bi juna daga sama zuwa ƙasa.

Mataki na huɗu: shingen da rubutu ke turawa

Ga inda matsalar kawu take, kuma nan ne ya cancanci a zauna. Akwatunan rubutu huɗu muna so su fara wuri ɗaya, daidai bayan lakabin da ya fi tsawo. Da na dawo gida daren nan, abin da ya fara zo mini shi ne in sa Guideline a 0.35. Na lissafa: a 360dp zai tsaya a 126dp, a 320dp kuma 112dp, ka cire 16dp na gefe saura 96dp. Wato na koma gidan jiya. "Kuɗin da aka biya" da manyan haruffa ba zai shiga 96dp ba. In kuma na tura layin zuwa 0.5, a wayar da rubutunta ƙanana ne rabin fuska zai zauna fayau.

Babu lambar da za ta yi daidai, domin ba ni ke da ikon tsawon rubutun ba. Harshe yana sauya shi: abin da Turanci zai faɗa da haruffa huɗu, Hausa tana iya buƙatar kalmomi huɗu. Mai waya ma yana sauya shi, kuma daga Android 14 yana iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari. Barrier ba ya karɓar lamba. Sunayen abubuwa kake ba shi, shi kuma ya tsaya a bakin wanda ya fi nisa a cikinsu:

```
<androidx.constraintlayout.widget.Barrier
    android:id="@+id/shingen_lakabi"
    android:layout_width="wrap_content"
    android:layout_height="wrap_content"
    app:barrierDirection="end"
    app:barrierMargin="12dp"
    app:constraint_referenced_ids="lakabin_suna,lakabin_buhu,lakabin_biya,lakabin_bashi" />
```

Sunayen da ke layin ƙarshe waƙafi ke raba su, kuma ba a sa musu @id a gaba. Kuskuren harafi ɗaya a nan ba zai hana manhajar haɗuwa ba, lakabin dai shingen zai manta da shi, don haka ka karanta sau biyu. Shi barrierMargin a siga ta 2.0 ya zo, ta 2020, kuma yana hutar da kai sa tazara a kowane akwati.

Kowane akwatin rubutu sai ya zama haka:

```
android:layout_width="0dp"
app:layout_constraintStart_toEndOf="@id/shingen_lakabi"
app:layout_constraintEnd_toEndOf="@id/layin_karshe"
```

Lakabin kuma ka ɗaure shi da akwatinsa ta baseline, wato layin da haruffa ke zama a kai, don rubutun biyu su zauna sahu ɗaya ko da girmansu ya bambanta.

Akwai tarko a nan wanda kusan kowa yake faɗawa sau ɗaya. Kada ka ɗaure ƙarshen lakabi da shingen da shi kansa yake turawa. Shinge yana jiran lakabi ya faɗi inda ya ƙare, lakabi yana jiran shinge, sai lissafin ya zama zagaye, abin da zai fito kuma ba abin dogaro ba ne.

To idan lakabin ya yi tsawon da zai cinye fuskar gaba ɗaya fa, akwatin ya koma ɗan tsito? A nan ne igiyoyin biyu suke aiki tare. Ka ɗaura wani Guideline a 0.45 ya zama iyakar da lakabi ba zai tsallake ba, sannan kowane lakabi ya samu wannan:

```
android:layout_width="wrap_content"
app:layout_constrainedWidth="true"
app:layout_constraintHorizontal_bias="0"
app:layout_constraintStart_toStartOf="@id/layin_farko"
app:layout_constraintEnd_toStartOf="@id/layin_iyaka"
```

Gajeren lakabi zai ɗauki iya wurin da yake buƙata, bias na sifili ya riƙe shi a farkon layi. Dogo kuwa yana isa iyaka zai karye ya sauko layi na biyu, saboda constrainedWidth ya tilasta masa girmama ɗaurin. Shingen yana nan yana bin mafi tsawo, amma ba zai taɓa wuce kashi 45 da 'yar tazararsa ba. Wannan haɗin shi na fi so a duk abin da na koya a aikin nan.

Shinge na biyu a kwance yake. A sama muna da hoto a gefe ɗaya, suna da garin mai kaya a ɗaya gefen. Wani sunan gajere ne, hoton ya fi shi tsayi; wani kuwa da laƙabinsa da sunan kasuwarsa sai ya ci layi uku ya zarce hoton. Ka sa Barrier mai barrierDirection na bottom, ka ba shi hoton da rubutun, sannan layukan da ke ƙasa su rataya a jikinsa. Ko wanne ya fi tsayi, babu mai hawa kan wani.

Idan wani abu ya ɓace

Wanda ya biya duka ba ya buƙatar layin Sauran bashi. Group shi ma ba a ganinsa, aikinsa ya ɓoye ko ya bayyana abubuwa da yawa da umarni ɗaya: ka ba shi sunan lakabin da na akwatin, ka sauya visibility nasa. Ka sani dai shi ke da ta cewa a kan 'ya'yansa; in ka ɓoye ɗaya daga cikinsu kai tsaye, Group na iya dawo da shi. Abin da aka mayar gone, wato aka ɓoye shi gaba ɗaya, kuma yana tsukewa ya zama ɗigo, amma Barrier yana ci gaba da lissafi da shi sai ka sa barrierAllowsGoneWidgets ya zama false. Wanda ke rataye a ƙarƙashin abin da ya ɓace, ka ba shi layout_goneMarginTop don ya san tazarar da zai bari.

Mataki na biyar: saman waya da ƙasanta

Manhajar da aka nufa da Android 15 tana shimfiɗuwa har ƙarƙashin agogo da alamar batir a sama da maɓallan waya a ƙasa. In ba ka yi tanadi ba, Ajiye zai shige ƙarƙashin maɓallin komawa baya. Tsayin waɗannan wurare ya bambanta daga waya zuwa waya, don haka wayar za ka tambaya. Ka sa layukan kwance biyu, na sama da begin, na ƙasa da end, ka motsa su daga Kotlin, harshen da ake rubuta umarnan manhajar da shi:

```
ViewCompat.setOnApplyWindowInsetsListener(binding.root) { _, insets ->
    val gefe = insets.getInsets(WindowInsetsCompat.Type.systemBars())
    binding.layinSama.setGuidelineBegin(gefe.top)
    binding.layinKasa.setGuidelineEnd(gefe.bottom)
    insets
}
```

Waɗannan umarnai fiksel suke karɓa, ba dp ba, kuma abin da insets, wato awon wuraren nan na sama da ƙasa, ke bayarwa fiksel ne, don haka sun dace. Launin bango ya bazu har ƙarshen allo, abin taɓawa da karantawa kuma ya tsaya tsakanin layukan biyu.

Mai aiki da Jetpack Compose, wata hanyar gina fuska da Kotlin ba da XML ba, zai tarar da su da wasu sunaye, irin createGuidelineFromStart da createEndBarrier, ko da yake a can Row da Column sukan wadatar. A iPhone kuwa UILayoutGuide ya zo da iOS 9 a 2015, safeAreaLayoutGuide kuma da iOS 11 a 2017, shekarar iPhone X, yana yin aikin da layukanmu na sama da ƙasa suke yi.

Mataki na shida: gwaji a irin wayoyin da ke hannun mutane

Shiga saitunan waya, ka nemi Build number ka danna shi sau 7, zaɓuɓɓukan masu haɗa manhaja za su buɗe. Kunna Show layout bounds, kowane abu zai fito da iyakarsa a zane, ka ga ko akwatunan huɗu sun fara a layi ɗaya. A nan kuma akwai Smallest width: rubuta lambar da ka tarar a takarda don ka iya mayarwa, sannan ka sa 320, wayarka za ta koma kamar ta kawu. Ƙara girman rubutu zuwa ƙarshe. Kwantar da wayar. Cike akwatin suna da suna mafi tsawo da ka sani, adadin kuɗi kuma ka sa na lodin mota guda, ba na buhu ɗaya ba.

Gwaji na ƙarshe ya shafe mu a Sakkwato fiye da wurare da yawa. Garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u suka bar wa gadon rubutu, har gobe akwai 'yan kasuwar da ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, kuma ajami daga dama yake farawa. Shi ya sa tun daga farko ban rubuta left ko right ko sau ɗaya ba, start da end kawai. Ka tabbatar android:supportsRtl yana true a manifest, fayil ɗin saitunan manhajar, sannan ka kunna Force RTL layout direction, wanda ke juya fuska ta fara daga dama. Lakabai su koma dama, akwatuna su koma hagu, shingen ya juya tare da su, Ajiye da Soke su yi musayar wuri. Ka dubi layin iyaka na 0.45 da kyau ka tabbatar daga dama yake aunawa yanzu. Duk abin da ya ƙi motsi, buɗe XML ɗinsa, za ka tarar da marginLeft ko toLeftOf da ya saura.

Washegari da safe na koma rumfar kafin rana ta yi zafi, ana cikin ɗinke bakin buhuna. Kawu ya buɗe sunan wani mai kaya, "Kuɗin da aka biya" ya karye layi biyu a gefensa, adadin yana tsaye shi kaɗai a akwatinsa. Ya karanta lambar a fili, ya duba littafinsa, suka yi daidai. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in ƙara masa layin kuɗin mota da na 'yan dako. Na ƙara lakabai biyu da akwatuna biyu, na rubuta sunayensu a jerin shingen, suka shiga sahu.